Bangon Beto Mai Tashi Daga Kwance: Wa Ke Duba Mahaɗinsa?

Ran 10 ga watan Disamba na shekara ta 2021, wajen ƙarfe takwas da rabi na dare, wata guguwa ta faɗa wa garin Edwardsville, cikin jihar Ilinoyi ta ƙasar Amurka, ta bi ta kan wata babbar mangaza wadda kamfanin Amazon yake tara kaya a cikinta yana rarrabawa. Masu awon yanayi sun ƙiyasta gudun iskar ya kai wajen kilomita 240 cikin awa guda. Rufi ya yaye, bangaye suka kife zuwa ciki, mutum 6 suka rasa rayukansu. Shugaban ƴan kashe gobara na garin ya bayyana wa ƴan jarida cewa tsawon bangon ya kai wajen mita 12, kaurinsa kuwa santimita 28, beto ne da ƙarfe a cikinsa. Ginin bai cika shekara 2 da fara aiki ba.

Duk wanda ya ji wannan labari sai ya yi mamaki, yaya bango mai kauri haka, sabo ful, zai faɗi kamar dangar kara? Amsar tana cikin yadda ake yin ginin tun daga farko, kuma ita ce ta sa har yanzu injiniyoyi da ƴan majalisa da lauyoyi na Amurka ba su gama gardama ba bisa wanda ya kamata ya duba waɗannan gine-gine, da lokacin da zai duba su, da abin da zai duba.

Yadda ake tayar da shi

Irin wannan gini ba a ɗora shi tubali bisa tubali kamar yadda maginan Maraɗi ko na Damagaram suka saba. Da farko akan share fili, a yi harsashi, a zuba daɓen sumunti mai faɗi wanda zai zama ƙasan mangazar. Idan daɓen ya bushe sai ya zama teburin aiki. A kansa ake kafa akwatunan katako kwance, kowane akwati daidai girman ɓangare guda na bango, da gurbin ƙofa da na taga. A shafa wa daɓen wani mai don kada sabon beto ya manne masa, a shimfiɗa ragar ƙarfe, a ɗaura faifan ƙarfe da ƙugiyoyi a wuraren da zane ya nuna, sa'an nan a zuba beto. Bayan kamar mako guda, idan awo ya tabbatar beton ya yi ƙarfi, sai babban injin ɗaga kaya ya zo ya kama kowane allo ta ƙugiyoyinsa, ya tayar da shi tsaye, ya aje shi bisa harsashi. Mutanen Amurka suna kiran dabarar tilt-up, wato tayarwa daga kwance. Allo guda mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8 da kaurin santimita 28 yakan haura tan 60, kwatankwacin buhun hatsi mai kilo 100 fiye da 600.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A farkon ƙarni na 20 wani injiniya mai suna Robert Aiken ya fara gwada ta a jihar Ilinoyi ɗin nan, har ya gina wata coci da ita a garin Zion cikin shekara ta 1906. Amma ba ta yaɗu ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da aka sami injinan ɗaga kaya masu tafiya bisa taya da motocin da ke kawo beto kwaɓaɓɓe. Daga nan ta mamaye ginin mangaza da masana'antu da manyan kantuna, domin tana da sauri, tana da araha, ba ta bukatar tsani da magina masu yawa, kuma beto ba ya cin wuta. A shekara ta 1986 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Cinikin intanet, wanda ke bukatar rumbuna a bakin kowane babban birni, ya daɗa buɗe mata kasuwa.

Abin da mai wucewa ba ya gani shi ne, waɗannan alluna galibi ba su riƙe da juna sosai. Tsakanin allo da allo akwai rata ta kamar santimita 2, an cika ta da danƙo don hana ruwa. Ƙasan allon yana haɗe da harsashi da daɓe, samansa kuwa rufi ne ke riƙe da shi. Ginin kamar kwali yake: muddin murfinsa na rufe ana iya tura shi bai lotsa ba, da zarar an yaye murfin sai gefunansa su kwanta. Rufin nan kuma sau da yawa kwano ne wanda kaurinsa bai kai milimita guda ba, an liƙa shi ga gwangwalar ƙarfe da ƙusoshi ko da ɗigon walda wanda bai kai faɗin dala ba, gwangwalar kuma an yi mata walda ga faifan ƙarfen da aka binne cikin bango. Ke nan bango mai tan 60 rayuwarsa tana hannun wasu ƴan ƙananan mahaɗai da ke can sama, inda ido ba ya kai.

Darasin Kalifoniya

Girgizar ƙasa ce ta fara tona wannan asiri. Ran 9 ga Fabrairu 1971 ƙasa ta girgiza a kwarin San Fernando, arewa da birnin Los Anjeles. A yammacin Amurka rufin irin waɗannan gine-gine na katako ne. Akan ɗaure wani dogon katako a jikin bango da ƙusoshi masu noti, sa'an nan a buga allunan rufi a kansa da ƙusa. Da girgizar ta zo, bango ya ja waje, katakon ya tsage bi da bi da zarensa kamar yadda itace ke tsagewa a hannun mai faskare, ƙusoshi suka zare, rufi ya zubo, bango ya bi bayansa. Saboda haka aka gyara ƙa'idar gini a 1973, aka sake gyara ta a 1976: aka hana dogara ga katakon nan, aka wajabta ɗaure bango kai tsaye da ƙarfe, aka ce a yi ɗauri mai ratsa rufin daga wannan bango zuwa wancan.

Sai dai sabuwar ƙa'ida sabon gini take kamawa. Dubban mangazojin da aka riga aka gina suka ci gaba da zama yadda suke har ran 17 ga Janairu 1994, sa'ad da girgizar Northridge ta sake kaɗa wannan kwari. Fiye da gini 400 na irin wannan suka lalace, waɗansu rufinsu ya faɗa ciki. Abin da ya rage yawan mamata a cikinsu shi ne girgizar ta zo da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ranar hutu, babu ma'aikata. Cikin shekarar nan hukumar birnin Los Anjeles ta tilasta wa masu gine-ginen da aka yi kafin 1976 su ƙarfafa su. Aikin bai da wuyar fahimta: a huda bango, a zura sandar ƙarfe, a ɗaure ta da faifai daga waje, daga ciki kuma a haɗa ta da gwangwalar rufi. Wanda ya bi unguwannin masana'antu na birnin yau zai ga jerin waɗannan faifai a saman bangaye kamar maɓallan riga.

Girgizar 1994 ta nuna wani abu kuma, wanda ya fi na farko ɗaci. Har cikin gine-ginen da aka yi bayan 1976 an sami waɗanda suka rabu da rufinsu. A wani wuri ƙarfin da ƙa'ida ta tanada ne bai isa ba, shi ya sa aka ƙara shi a 1997. A wani wuri kuwa zane ya nuna mahaɗi, amma da aka je aka duba, sai a tarar an sa shi a karkace, ko an rage ƙusoshinsa, ko ba a sa shi ba sam. Takarda ta ce gini ya cika ƙa'ida, ƙarfe ya ce bai cika ba.

Aikin mai duba gini

Dokar gini ta yawancin jihohin Amurka ta tanadi wani mai duba na musamman, ban da ma'aikacin hukumar gari. Mai ginin ne ke ɗaukarsa, ba ɗan kwangila ba, don kada mai aiki ya zama shi ke biyan mai kama shi da laifi. Aikin wannan mutum yana farawa tun allo na kwance, kafin a zuba beto, domin wannan ne kaɗai lokacin da za a ga cikinsa. Yakan ƙirga sandunan ƙarfe ya auna kaurinsu da ratar da ke tsakaninsu. Yakan duba ko ragar tana zaune daidai tsayin da zane ya ce, saboda a bango mai tsawo marar kauri, idan ƙarfe ya goce da santimita 2 kawai, ƙarfin allon na jure iska yakan ragu ƙwarai, alhali ma'aikata masu zuba beto a kan ragar suke takawa. Yakan duba ƙarin ƙarfen da ake sawa a kusurwar ƙofa da taga, inda tsaga ta fi son farawa. Sa'an nan ya bi faifan ƙarfe da ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, gama kuskuren da aka yi a nan shi ne ke haifar da kwaskwarima daga baya: idan aka tayar da allo aka ga faifai bai yi daidai da bakin gwangwala ba, sai mai walda ya nemi guntun ƙarfe ya yi gada, ba tare da injiniya ya sani ba.

Ranar zuba beto akan ɗebi samfuri a cika ƙananan gwangwanaye, a kai ɗakin awo a murƙushe su bayan kwana 7 da bayan kwana 28. Waɗansu kuma akan bar su nan fili kusa da allon, rana da sanyi su same su tare, a murƙushe su kafin ɗagawa, tun da yake wahalar da allo ke sha lokacin da ake tayar da shi daga kwance takan fi wadda zai sha cikin shekaru masu yawa yana tsaye. Ɗan kwangila yana biyan hayar injin ɗaga kaya kowace rana, don haka kullum yana son a ɗaga da wuri. Mai duba shi ne wanda zai ce a dakata.

Bayan an tayar da allo, kafin a yi rufi, babu abin da ke riƙe da shi sai tokaran ƙarfe da aka jingina masa, kansu a wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa, gindinsu a ɗaure ga daɓe. Wannan shi ne lokacin da ya fi hatsari ga ma'aikata. Iskar dare takan sassauta noti, motar aiki takan bugi tokari, wani ma ya cire guda don ya sami hanyar wucewa. Ƙa'ida ita ce ba a cire tokari sai rufi ya kammala kuma an tabbatar da mahaɗansa. Daga nan sai walda. Ana duba takardar shaidar mai waldar, ana duba tsawo da kaurin kowane ɗinki, ana lura ko zafi ya fasa beton da ke kewaye da faifai. A kan rufi kuwa ɗigon walda da ƙusoshi dubbai ne, kuma da zarar an shimfiɗa abin hana zafi da ledar hana ruwa a bisansu, an rufe su ke nan. Mangaza mai faɗin eka da yawa, mai duba guda ɗaya, masu rufi suna biye da shi suna jiran ya matsa: a nan ne ake gane ko duba aka yi ko sa hannu kawai.

Idan an gama, hukumar gari takan ba da takardar izinin shiga. A yawancin garuruwan Amurka daga wannan rana ma'aikacin hukuma ba ya komowa sai an kai ƙara ko an nemi izinin wani sabon aiki. Gini kuwa ba ya daina tsufa. Ledar rufi takan fara yoyo daga gefe, wato daidai inda mahaɗan bango suke, tsatsa ta shiga cinsu a ɓoye. Danƙon da ke tsakanin alluna yakan bushe ya tsage, ruwa ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabon mai haya yakan yanka ƙofar kamiyo a tsakiyar allo ya datse ƙarfen da ke ciki. Wani ya ɗora injinan sanyaya ɗaki ko allunan wutar rana bisa rufin da ba a lissafa da su ba. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, kuma ruwa mai zurfin santimita 10 nauyinsa kilo 100 ne bisa kowace mita murabba'i. Ƙasa takan zauna ƙarƙashin harsashi, allo guda ya sunkuya ya bar ɗan'uwansa.

Injiniyan da ya san aikinsa yana karanta waɗannan alamu. Tsaga siririya kamar gashi wadda ta zo daga bushewar beto ba ta tayar masa da hankali. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa, ko ta kewaye faifan ƙarfe, ko take zubar da ruwan tsatsa, ita yake bi. Yana da guduma mai awo wadda ke nuna taurin fatar beto, da na'ura mai gano inda ƙarfe yake da zurfinsa ba tare da an fasa ba. Yana iya huda bango ya ciro guntu a kai ɗakin awo, ya ɗiga masa wani ruwan magani mai rina lafiyayyen beto ja, ya bar wanda iska ta riga ta ci ba launi. Idan wurin da bai rinu ba ya kai ga ƙarfe, tsatsa na tafe. Amma duk waɗannan ba su kai muhimmancin hawa sama ba, a yaye abin da ya rufe mahaɗi a gan shi da ido, a taɓa shi da hannu. Duban da akan yi lokacin sayar da gini ko ba da rance a kansa galibi zagaye ne daga ƙasa, mutum na tafe da takarda yana ɗaga kai. Daga nisan mita 12 walda mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya.

Akwai inda aka ɗauki wata hanya. Gundumar Miami-Dade ta jihar Fulorida, bayan wani ginin ofis ya rushe ya kashe mutum 7 a 1974, ta wajabta a sake duba manyan gine-gine idan sun shekara 40, daga nan kuma duk shekara 10. Bayan rushewar benen Surfside a watan Yuni 2021, inda mutum 98 suka mutu, jihar ta yi dokar duba benayen zama a 2022. Mangaza dai ba gidan kwana ba ce, masu zaɓe ba su barci a cikinta, saboda haka ba safai ƴan majalisa ke tunawa da ita ba.

Iyakar abin da duba ke iyawa

Zai zama rashin adalci a ɗora wa masu duba gini dukan laifi. Mai duba yana gwada gini da ƙa'ida ne. Idan ƙa'idar ba ta yi tanadin wani abu ba, ba shi da sandar da zai auna. Ran 22 ga Mayu 2011 guguwa mafi ƙarfin daraja ta ratsa garin Joplin na jihar Misuri, da iska mai gudun fiye da kilomita 320 cikin awa, mutum 161 suka mutu. Cikin wani babban kanti na kamfanin Home Depot, wanda aka gina da wannan dabara, rufi ya tashi, yawancin allunan bango suka faɗi, mutum 7 suka halaka. Ƙa'idar da ake bi a yankin lokacin ta tanadi iska mai gudun kilomita 145 ne. Ƙarfin bugun iska kuwa ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudu ya ninka biyu, bugu yakan ninka huɗu. Ke nan bugun iska mai gudun kilomita 320 ya kusa ninki biyar na abin da aka shirya wa kantin. Binciken da injiniyoyi suka yi daga baya ya nuna ɓarnar daga rufi ta fara, bangon ya biyo baya ne da ya rasa mai riƙe shi. Hukumar awo da ƙa'idoji ta gwamnatin Amurka, wadda ake kira NIST, ta fitar da rahotonta a 2014, ta nemi a sa guguwa cikin lissafin masu zana gini.

An ɗauki shekaru kafin hakan ta tabbata. A watan Disamba 2021, watan da mangazar Edwardsville ta faɗi, ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta fitar da sabon kundinta na nauyin da gini zai jure, karo na farko da babin guguwa a ciki, kuma kundin gini na 2024 ya karɓe shi. To, amma babin ya shafi gine-gine masu daraja ta uku da ta huɗu ne, irin su asibiti, da lakwal, da ofishin ƴan kashe gobara, da wuraren taron jama'a mai yawa. Mangaza tana daraja ta biyu. An yi wannan rabo ne bisa tunanin cewa rumbu wurin kaya ne, mutane kaɗan ke shiga. Mangazar cinikin intanet kuwa tana da ma'aikata dare da rana, waɗansu da ɗaruruwa, waɗansu da dubbai. Sunan ginin ya tsaya inda yake, aikinsa ya sauya.

Turai ma ta sha irin wannan da nata salon gini. A ƙasar Italiya, yankin Emiliya, girgizar ƙasa ta zo sau biyu, ran 20 da ran 29 ga Mayu 2012. Masana'antun yankin da yawa an gina su da ginshiƙai da gadojin beto waɗanda aka zuba a wani wuri aka kawo aka jera, gada tana zaune bisa ginshiƙi da nauyinta kawai, babu ɗauri, domin sai a 2003 aka sa yankin cikin wuraren da ake tsoron girgiza. Gadojin suka zame suka faɗo. Da yawa daga cikin mamatan ma'aikata ne, waɗansunsu sun komo aiki bayan girgizar farko ta biyu ta rutsa da su. A watan Yuni gwamnati ta yi doka cewa ba a komawa aiki cikin irin waɗannan gine-gine sai an ɗaure mahaɗansu.

Tun kafin wannan akwai labarin benen Ronan Point na birnin Landan, mai hawa 22, wanda aka gina da manyan allunan beto. Ran 16 ga Mayu 1968, wata biyu kacal da shigar mutane, gas ya fashe a wani ɗaki na hawa na 18, bango guda ya fita, kusurwar benen ta zube daga sama har ƙasa, mutum 4 suka mutu nan take. Aka gyara shi, mutane suka koma. Sai a 1986, da aka zo rushe shi, aka kwance shi allo bayan allo don a ga cikinsa, aka tarar da mahaɗan da ya kamata a cika da sumunti waɗansu fanko ne, waɗansu an cusa musu shara. Shekara da shekaru mutane suna kwana bisa aikin da babu wanda ya gani.

Faransa ta bi ta wata ƙofa, ta aljihu. Tun kundin dokokin 1804 magini yana ɗauke da alhakin ƙarfin gininsa har shekara 10. Dokar 4 ga Janairu 1978, wadda ake kira da sunan Spinetta, ta wajabta inshora bisa wannan alhaki, ta kuma tsara aikin ofisoshin duba gini masu zaman kansu, waɗanda aka hana su yin zane ko kwangila. Kamfanin inshora da ya san shi zai biya idan gini ya tsage yana da dalilin matsa wa a duba da gaske. Tsarin yana da tsada, kuma ba ya cewa kome game da shekara ta 11, amma ya sa akwai wani mai kuɗi wanda asararsa ke rataye ga ingancin mahaɗi.

A Nijar ginin da aka fi sani shi ne tubalin sumunti tsakanin ginshiƙai, kuma girgizar ƙasa ba ita ce damuwar jama'a ba. Duk da haka maganar ba baƙuwa ba ce ƙwarai. Wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke ɗauke kwanon ajin lakwal, bangon da ke ƙarƙashinsa ya biyo baya, ya riga ya ga ƙaramin misalin abin da ya faru a Joplin. Haka nan ƙananan gadojin beto da ake zubawa a ƙasa a ɗora su don yin rufin bene a Yamai da Tawa, ƙarfinsu yana ga tsawon da suka hau bisa ginshiƙi da ƙarfen da ya ɗaure su, kuma wannan ma wuri ne da beto ke rufewa cikin yini guda. Ɗakin awon kayan gini na ƙasa da ke Yamai yana iya murƙushe samfuri ya faɗi ƙarfin beto, amma samfuri ba ya ba da labarin ɗauri.

A Edwardsville, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, OSHA, ta gama bincikenta a watan Afrilu 2022. Ba ta ci tarar kamfanin ba, domin ba ta sami dokar da ya karya ba. Wasiƙar gargaɗi ta aika masa. Ta ce abin ƙara murya da ya kamata a yi shela da shi yana kulle cikin keji daren nan, kuma waɗansu ma'aikata ba su san inda aka keɓe don fakewa ba. Wurin yana arewacin ginin, waɗanda suka mutu kuwa suna kudu, inda guguwar ta bi. Lauyoyin iyalan wani mamaci sun kai ƙara, suka ce wani injiniya cikin masu aikin ceto ya ga ginshiƙan ƙarfe waɗanda ba a ɗaure gindinsu ba. Kamfanin ya amsa cewa an yi ginin bisa ƙa'ida. OSHA ba hukumar duba gini ba ce, saboda haka wasiƙarta ba ta raba wannan gardama ba.

Jihar Ilinoyi ta kafa kwamiti, ya yi zamansa, a 2025 aka yi doka wadda ta wajabta wa masu mangaza su rubuta shirin abin da za a yi idan guguwa ta taso, ta kuma nemi masu duba gini na garuruwa su riƙe takardar shaidar ƙwarewa. Dokar ta fi mayar da hankali ga inda ma'aikaci zai ɓuya, kuma akwai hujja a nan: ƙarfafa mangaza mai faɗin eka 20 don ta jure kowace guguwa abu ne da babu ɗan kasuwar da zai biya, alhali ɗaki guda mai bango da rufin beto, wanda aka yi shi ya jure iska mai gudun kilomita 400, kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin ginin duka. Tun 2015 kundin gini ya wajabta irin wannan ɗaki ga sababbin makarantu da ofisoshin agajin gaggawa a yankunan da guguwa ta fi yawa. Bai sa mangaza cikin jerin ba.